Makon Sharar Herr Maucher

Merle ce ta fara faɗawa cikin tarin ganyen, ƙaninta Jannis ya sheƙo a guje ya dira a kanta. Ganyen da aka tara tun safe a gindin bishiyar tsakar gida ya tashi sama, ya watsu har bakin ƙofar shiga. Kakarsu Waltraud tana tsaye da farantin kek a hannu. Ta buɗe baki, sannan ta rufe.

Rufewar nan ba ƙaramin aiki ba ne. Shekara talatin da ɗaya ta yi a wannan bene mai iyali shida a garin Reutlingen na ƙasar Jamus. Ba wanda ya naɗa ta komai, amma ita ke tuna wa kowa makonsa na shara. Duk Asabar da yamma sai ta bi matakala tana shafa lungu da yatsa. Wanda ya yi ha'inci zai tarar da takarda a akwatin wasiƙarsa, gaisuwa a sama, sa hannu a ƙasa, abin da ke tsakiya kuwa ba ya maimaituwa.

Da wannan bakin ta sa Merle kuka ranar Ista, a kan takalmi mai taɓo. 'Yarta Silke ta kwashi yaranta, wata shida ba ta waiwayo ba. Yau ta kawo su gwaji na awa biyu, ita ta wuce sayayya. A bakin mota ta gaya wa uwar cewa in aka daka wa ɗayansu tsawa, ko sau ɗaya, to sai dai ta riƙa ganinsu a hoto. Waltraud tana son jikokin nan kamar ranta, kuma ta tsorata ƙwarai.

Ganyen kuwa na Herr Maucher ne, tsohon direban bas na hawa na biyu, domin makon nan nasa ne. Bawan Allah mai ciwon baya, takarda goma sha ɗaya ya karɓa daga hannunta. Ya sauko a hankali da tsintsiyarsa, ya dubi tsakar gidan, ya dube ta. Tun da ya yi ritaya ba a ga fuskarsa da annuri irin na yau ba.

"Frau Eisele, jikokinki ne? Madalla da tarbiyya," in ji shi ga Waltraud. "Ara mini biro mana, akwai wata da nake so in rubuta wa takarda."

Ta ce masa ƙasa-ƙasa ya rufa mata asiri, za ta share da kanta in sun tafi. Ya ce ina, ai doka ta ce kowa da makonsa, kuma ya san rubutun wadda ta manna dokar a bango. Daga nan ya tuna akwai sauran buhu biyu da ya riga ya ɗaure a bayan durom ɗin shara. Mutumin da bayansa ke hana shi sunkuyawa in ana goge matakala, shi ne ya jawo su da hannu ɗaya, ya zazzage wa yaran, ya nemi benci ya zauna.

Kafin minti goma kowace taga ta samu mai ita. Matar hawa na uku ma ta fito baranda tana ba furen da ya mutu tun Satumba ruwa.

Jannis ya cusa wa kakarsa ganye a aljihun kwat. Ta yi murmushi, haƙoranta a cije. Merle ta tsaya tana nazarinta, irin kallon yaron da ya san an ɗaure babba.

"Oma, kwanta mu binne ki," in ji ta, don haka suke kiran kakar tasu.

Waltraud ta dubi tagogin, ta dubi kwat ɗinta da aka wanko daga shago shekaranjiya. Ta ajiye farantin, ta durƙusa da ƙyar, ta kwanta. Ganyen da sanyi, yana warin ƙasa. Yaran suna ta jibga mata suna ƙyalƙyala dariya, har ta ji wani abu ya taso mata a ƙirji. Ta ɗauka tari ne, ashe dariya ce.

A haka Silke ta same su. Yaran suka ruga suna ba ta labari, Oma ba ta yi faɗa ba, ko sau ɗaya. Waltraud ta tashi zaune, ganye a gashi, tana jiran yabo.

Silke ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon uwarta.

"Ashe kin iya," ta ce a hankali. "A gidan nan na girma, Mama. Ni ta taga kawai na san ganyen nan, ba ki taɓa barina na yi wasa a ciki ba."

Silke ta kakkaɓe wa yaran riguna, ta ce su yi wa Oma sallama.

"Zan kawo su Asabar, ƙarfe biyu. A bakin ƙofa zan sauke su, ni ba zan shigo ba."

Waltraud ta ce to. Tana zaune a ƙasa har motar ta fita daga layin.