Baba Ya Ƙi Komawa Gida A Mota

Da likita ta cire wa Baba bandejin ido, sai da ya daɗe yana ƙyafƙyaftawa. Can ya juyo ya zuba mini ido, ya ƙare mini kallo daga sama har ƙasa.

"Uwata," ya ce, "yaushe kika yi furfura?"

Dariya ta ƙwace wa likita, ni kuwa sai hawaye. Shekaru ke nan da yanar ido ta rufe masa gani. Baba mai fenti ne, rabin gidajen unguwarmu shi ya yi musu kwalliya, amma sai da ta kai ba ya bambanta shuɗi da kore, dole ya ajiye buroshi. Ni na ɗauki hutu a makarantar da nake koyarwa na raka shi wannan asibitin da ke can saman kwari, inda aka ce sun ƙware a aikin ido.

Ya tashi da kansa ya nufi taga. Asibitin a kan tudu yake, daga nan ana hango birnin yana gangarawa hawa-hawa har bakin kogi.

"Wancan abin mai walƙiya fa?"

"Kogi ne, Baba. Ai ta gefensa muka biyo da za mu zo."

"Ke kika biyo. Ni buhu aka ɗauko aka sauke." Ya dafa taga da hannu biyu. "Ta cikinsa zan koma."

Na ce ai mota ta fi sauri, ga Yaya yana jiran mu a gida. Ya yi kamar ba da shi nake ba. Likita ce ta raba gardamar. Ta ce babu laifi, muddin zai riƙa sa baƙin tabarau, a ɗiga masa magani a kan lokaci, kuma kada ruwa ko ƙura su shiga idon.

Washegari da safe muka shiga jirgin ruwan da ke gangarawa zuwa biranen ƙasan kwari. Jirgi ne mai hawa biyu, ƙasa kaya da babura, sama fasinjoji. Na samar mana benci a inuwa, amma Baba ko zama bai yi ba. Yana riƙe da ƙarfen gefe, duk abin da ya gifta sai ya kira sunansa da ƙarfi: gonakin da ke kwance a gindin duwatsu, mata masu wanki, wani farin tsuntsu da ke tsaye da ƙafa ɗaya. Duk allon da ya hango a gaɓa sai ya karanta, har da na masu gyaran taya.

"Uwata, zo ki ga rufin can! Ruwan goro! Wallahi na manta akwai ruwan goro a duniya."

Tun ina jin kunya ina cewa ya rage murya, har na ga fasinjoji sun shiga taya shi. Wata tsohuwa mai kwandon lemo ta riƙa taɓo shi tana cewa, "Malam, ga wani can, kada ya wuce ka."

Da rana ta take muka iso birni na biyu. Wannan ba kan tudu yake ba, a shimfiɗe yake a gaɓa biyu, doguwar gada ta haɗa su. Ko'ina ƙarar injin niƙa da na masu yankan katako. Aka ce za a ɗan tsaya a yi lodi, mai son miƙe ƙafa ya sauka. Muka bar jakar kayanmu a ƙarƙashin benci muka fita.

Mun zaga kasuwar bakin ruwa, Baba yana gaba ina bin sa, ni da na saba jan hannunsa. Ya tsaya wajen masu yadi ya shafa wannan ya shafa wancan. Ya leƙa shagon aski don kawai ya kalli kansa a madubi, ya fito yana cewa ashe har yanzu da sauransa. Na tsaya sayen ruwan sha, ina juyowa babu Baba.

Na shiga nemansa. Na bi layin masu yadi, na koma shagon aski, na tambayi mai shayi. Wani mai ɗinkin raga ne ya nuna mini bayan wata rumfar kwano.

Can na same shi. An kifa wani kwalekwale a kan itatuwa, mai shi yana tsaye a gefe riƙe da gwangwanin fenti, Baba kuwa ya naɗe hannun riga, buroshi a hannunsa, yana jan layi shuɗi a jikin katakon. A hankali yake ja, hannun ko rawa ba ya yi.

"Baba! Me likita ta ce?"

"Ta ce ruwa da ƙura. Kin ji ta ambaci fenti?"

Mai kwalekwalen, wani ƙaƙƙarfan mutum mai yawan fara'a, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Tsayawa ya yi yana kallona kamar mai jin yunwa ya ga abinci, na ga ba zan iya hana shi ba."

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ga fuskar Baba. Rabon da in ga wannan fuskar tun ina budurwa. Na tsaya ina kallo har ya kai layin ƙarshen kwalekwalen.

A nan ne muka ji ƙahon jirgi.

Kafin mu zagayo rumfar, jirginmu ya riga ya saki gaɓa, yana shigewa ƙarƙashin gada da jakarmu a ciki. Na ɗora hannu a ka. Baba kuwa dariya yake har da riƙe ciki.

"Ku biyo ni!" in ji mai kwalekwalen. Ya ajiye gwangwani ya ruga bakin ruwa, inda wani ƙaramin jirginsa mai inji yake ɗaure. Ya miƙa mana rigunan kariya, na lulluɓe wa Baba fuska da mayafina saboda feshin ruwa, na bar masa tabarau kawai a waje. Mutumin ya ja igiyar inji, jirgin ya ɗaga hanci sama.

Ban taɓa sanin ina da irin wannan ihun ba. Iska tana dukan kunnena, ginshiƙan gada suka wuce fuu, masunta suna ɗaga mana hannu. Baba yana ta buga gefen jirgi yana cewa, "Ƙara wuta, ɗana! Ƙara wuta!" Ni da na zo hana shi, sai ga ni ina taya shi.

A wata kwana inda kogin ya buɗe muka cim ma babban jirgin. Tsohuwar nan mai lemo ce ta fara hango mu, ta ɗaga jakarmu sama tana kururuwa. Fasinjoji suka taru a gefe ana tafi ana fito. Direba ya rage gudu, ma'aikata suka kama hannun Baba suka haye da shi, sannan ni. Mai kwalekwalen ya juya yana ɗaga mana hannu, Baba yana sa masa albarka har ya ɓace.

Na zaunar da shi na ɗiga masa magani, ina ta dariya. Rigarsa duk ta yi shuɗi.

Da yamma birni na uku ya bayyana, fari fat, dogayen gine-gine suna kallon kansu a cikin ruwa. Wayata ta yi ƙara, Yaya ne, yana tambayar motar da za mu shigo don ya tare mu a tasha. Baba ya karɓe wayar.

"Kai, kada ka wahalar da kanka yau. An ce akwai hasumiya a garin nan da ake hango kwarin gaba ɗaya daga samanta. Gobe za mu hau. Ka gaida mutanen gida."

Ya miƙo mini wayar, ya gyara tabarau, ya riga kowa zuwa bakin matakala.