Aska ta Takwas

Duk wanda ya san Ƙofar Jatau a shekarun tamanin ya san zauren Malam Haruna mai zanen riga. Shi ba ɗinki yake yi ba. Nasa aikin shi ne a kawo masa babbar riga fara fes, ya shimfiɗa ta a kan faifan katako, ya tsoma alƙalamin kara a tawada, ya zana mata aska takwas, wato dogayen tsinin nan da ke sauka a ƙirjin riga, ya ƙara mata tambari mai zagaye. Daga nan a shiga da ita gidaje, mata su bi layinsa da allura da zare. Ba ya gwaji, ba ya gogewa. Sai dai ya kafa ɗan ƙaramin yatsansa a kan yadi, ya ja layi sau ɗaya, shi ke nan.

Da Allah ya yi masa rasuwa ya bar 'ya'ya maza biyu da wata tsohuwar gafaka ta fata, cike da takardun zanen da ya gada wurin nasa uban. Babban ɗan sunansa Lawal, amma ba wanda ke kiransa haka, Bahago ake ce masa saboda da hagu yake komai in ban da cin abinci. Shi ya zauna a zaure tun yana ɗan shekara goma, shi ya ci gaba da sana'ar. Ƙaramin kuwa, Jibril, boko ya bi har ya kai jami'a a Samaru, inda yake koyon zane irin na fenti.

Gafakar tana hannun uwarsu, Inna Sailuba, a ƙarƙashin gadonta. Ta ce in shekara uku ta cika da rasuwar, bayan Babbar Sallah, za ta miƙa ta ga wanda ya ɗauko hannun babansu. Kowa a unguwa ya ɗauka magana ce kawai ta tsofaffi, don ai an san mai zaure. Shi ma Bahago haka ya ɗauka. Sai dai fa akwai wani abu guda: shi ɗan fari ne, kuma Inna Sailuba irin matan da ne masu tsananin kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yaba aikinsa ba, ko a gabansa ko a bayan idonsa. In za ta aika masa tuwo sai ta ce, "A kai wa na zaure." Jibril kuwa, har "Jibo na" take ce masa. Bahago ya san al'ada ce, ya sani sarai. To amma sanin abu daban, abin da zuciya ke ji daban.

Saura wata guda Sallah sai ga Jibril da ɗan dako, sun ɗauko wani ƙyalle mai kauri irin na tanti, an ɗame shi a jikin katako, tsayinsa ya kai ƙofar ɗaki. Ya ce aikinsa ne na kammala karatu, ɗakinsu na makaranta ya yi masa kaɗan, a zaure zai yi.

"A wane zauren?" in ji Bahago.

"Haba Yaya, gefe guda kawai zan jingina shi. Ba zan taɓa maka riguna ba."

Cikin kwana uku zaure ya cika da warin fenti da kananzir. Jibril ya auna da rula, ya manna salatif, ya fara fitar da kusurwoyi. Nan shuɗi kamar an tsamo daga karofi, can ja irin na ƙasar gini, ga wani rawaya mai haske a tsakiya. Sai da aka kwana biyar sannan Bahago ya gane abin da yake kallo. Aska takwas ce, ta babansu, an wargaza ta. Wata askar ta kwanta, wata ta miƙe tana kallon sama, tambarin an raba shi biyu an jefa rabi can ƙurya.

Idi tela, maƙwabcinsu, wanda ba ya ganin taro ya wuce, ya leƙo ya tsaya yana karkata kai.

"Malam Jibril, wannan rigar ta wane basarake ce? Ina wuyanta?"

"Ba ta da wuya," Bahago ya amsa tun kafin mai ita ya buɗe baki. "Ta mutanen Samaru ce. Su ta ƙafa suke sa riga."

Jibril ya yi dariya, bai ji haushi ba, wannan ma ya ƙara ƙona wa Bahago rai. Jibril ya ajiye burushi ya yi musu bayani. Ya ce shekara talatin da suka wuce an yi wasu ɗalibai a makarantarsu da suka ce sun gaji da kwaikwayon Turawa kawai. Suka koma gida, suka ɗauko zanen bango da na ƙwarya da na tufafi, suka haɗa da abin da aka koya musu, suka fitar da wani sabon abu. Ya ce shi sawunsu yake bi, sai dai shi ba mutum zai zana ba, ba doki ba, siffofi kawai da launi.

"Wato sai da ka yi shekara huɗu a jami'a," in ji Bahago, "sannan aka gaya maka abin da ke zauren ubanka."

Idi ya kwashe da dariya. Amma kuma bai tafi ba. Washegari ma ya dawo, da abokinsa. Mutanen da a da suke zuwa su zauna kallon Bahago yana jan layi, yanzu sai su yi masa sallama a tsaitsaye, su juya masa ƙeya. Matan da ke aikowa a karɓi riguna har cewa suke a tambayo musu ko gaskiya ne an ce ɗan Malam Haruna yana zana abin da za a kai Legas.

Duk wannan Bahago ya shanye. Abin da ya kasa shanyewa ya faru ne wata ranar Talata da hantsi. Inna Sailuba, wadda rabonta da zaure tun takaba, ta yafa mayafi ta fito. Ta wuce rigar da Bahago ke zanawa, ko kallo ba ta yi ba. Ta tsaya gaban ƙyallen ta daɗe, sannan ta nuna rabin tambarin.

"Jibo, wannan zagayen na babanku ne."

Alƙalamin Bahago ya ɗiga tawada a kan farar shadda. Tun da ya fara sana'a bai taɓa yin haka ba. Ranar ce ya fara tunanin gafakar nan tana iya fita daga zaure ta hau bas ta tafi Samaru.

Shi kuwa Jibril, duk da yabon da ake yi masa, aikin ya tsaya masa. Aska bakwai ya zaunar, ta takwas ta ƙi. Ya manna salatif nan, ya cire, ya manna can, ya cire. Ya sake shafa rawaya a tsakiya ya fi sau uku. Ranar Alhamis da safe ya sake shafawa, ya duba gwangwaninsa ya ga shuɗi ya ƙare, ya ce zai je Samaru ya dawo kafin la'asar.

Zaure ya rage daga Bahago sai ƙyallen. Idi ya tafi kasuwa sayen zare. Bahago ya yi ƙoƙarin aikinsa, amma duk ɗaga kan da zai yi sai ya ga rawayan nan yana kallonsa. Can ya tashi. Ya ɗauki siririn burushi, ya tsoma a baƙin fenti. Niyyarsa, kada in ɓoye muku, ɓarna ce tsagwaronta. So yake ya ja wani mummunan layi ya keta aikin tun daga sama har ƙasa, in an tambaya ya ce bai ga kowa ba, ai zaure hanyar kowa ce.

To amma hannun da ya shekara ashirin yana abu guda ba ya jin maganar zuciya. Yana kai burushi, ɗan ƙaramin yatsansa ya kafu da kansa a jikin ƙyallen. Layin ya taso daga ƙuryar sama, ya sauko siriri, ya ɗan ranƙwafa ya ratsa rawayan, ya shafi bakin rabin tambarin, ya je ya ƙare da tsini a ƙasa. Numfashi ɗaya. Bahago ya ja da baya ya duba. Askoki bakwai ɗin nan da suke warwatse kamar an zubar da tsintsiya, duk sun juyo suna bin layinsa. Ya goge burushin, ya wanke hannu da kananzir, ya koma ya zauna.

Da Jibril ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa da gwangwani a hannu. Ya dubi ƙyallen, ya dubi wansa, ya sake duban ƙyallen.

"Ka dawo?" in ji Bahago, kansa a sunkuye.

"Na dawo, Yaya."

Iyakar abin da suka ce ke nan. Jibril bai goge layin ba. Ya ɗan ƙara shuɗi a gefe, ya rubuta sunansa ƙanana a ƙuryar ƙasa, ya ce ya gama.

Bayan kwana biyu wani malaminsa, dattijo mai gilashi, ya zo dubawa. Ya cire takalmi, ya gaisa da mutanen zaure, ya yi ta matsawa gaba yana komawa baya. Ƙarshe ya nuna baƙin layin da bakin biro.

"Sauran duk aikin ɗalibi ne mai ƙoƙari. Wannan kuwa, na shekara goma sha biyar ina koyarwa ban ga ɗalibin da ya ja irinsa ba. Nan ne ka ajiye rula ka yarda da hannunka."

Jibril ya sunkuyar da kai. Idi ya ce, "Ai jini ba ya ɓuya, Malam. Babansu haka yake ja." Bahago yana zaune taku uku daga wurin. A da kishin aikin ƙanensa yake yi. Yanzu kishin nasa aikin yake, yana kallo ana yaba shi da sunan wani, kuma ba halin ya buɗe baki.

Kwana uku bayan Sallah, da hantsi, Inna Sailuba ta fito da gafaka rungume a ƙirjinta. Ta ce a sakaya ƙofar zaure. Ta matsa dab da ƙyallen har hancinta ya kusa taɓa shi, don idonta ya fara rauni, ta bi baƙin layin a hankali daga sama har ƙasa. Sannan ta zauna a kan tabarma.

"Na ji abin da baƙon nan ya ce, gaskiya ya faɗa. Hannun babanku ne. Wanda ya ja layin nan shi ne mai gafaka. Wa ya ja?"

Bahago ya saci kallon Jibril, ya ga shi ma shi yake kallo, bai da niyyar cewa uffan. In Bahago ya yi shiru, gafaka ta tafi. In ya yi magana, ya tona wa kansa asiri a gaban uwar da ko sunansa ba ta taɓa kira ba.

"Ni ne," ya ce.

"Jibo ne ya sa ka?"

"A'a."

"To don me?"

"Don in ɓata."

Inna Sailuba ta gyaɗa kai, ba ta dube shi ba. "Na sani. Ku zo ku gani." Ta nuna musu cikin rawayan, inda fenti yake ɗanye ranar. Gefen baƙin layin akwai wani ɗan siririn sawu da ke binsa, inda ƙaramin yatsa ya ja. "Babanku a dama yake barin wannan. Wannan a hagu yake. Mutum nawa ne mai hagu a gidan nan?" Ta tura gafakar a kan tabarma har ta taɓa gwiwar Bahago. "Jibo, gaya wa na zaure, ko ɓarnar ma bai iya ba. Kuma shi zai ɗaukar maka abin nan a ka har Ƙofar Doka wurin shiga bas, ba ɗan dako ba."

Haka kuwa aka yi. Washegari mutanen unguwa suka ga Bahago, magidanci da gemunsa, ɗauke da ƙyalle a ka yana kaucewa bango a lunguna, Jibril na biye yana cewa, "A hankali, Yaya." Idi ya leƙo daga shago ya ce, "A'a, yau kuma rigar Samaru ta sami mai sawa?" Bahago ya yi gaba abinsa.

Sai da suka tsaya jiran bas sannan ya sauke, ya dubi ƙuryar ƙasa inda sunan Jibril yake.

"Nan wurin ai da sauran fili," ya ce, kamar da wasa.

"Fentin ya bushe, Yaya," in ji Jibril. "Kai ka ɗauki gafaka, ni ka bar mini layi."

An rataye zanen a wani babban ɗaki a makarantar. Bahago bai taɓa zuwa ya gani ba, ko da yake bas ɗaya ne. Ya buɗe gafakar, ya bi takardun kakansa ɗaya bayan ɗaya, ya yi aiki da su shekara da shekaru, rigunansa suka yi suna har Kano. Amma ya gwada jan wancan layin a takarda ya fi a ƙirga, bai sake fitowa ba. Duk ranar da Jibril ya zo gida, bayan an gaisa an tambayi iyali, sai Bahago ya tsoma alƙalami a tawada, ya ce ba tare da ya ɗaga kai ba, "Abin nan naka, har yanzu yana rataye?"

"Yana nan, Yaya."

"Mutane na tsayawa?"

"Suna tsayawa."

Sai ya ce, "To," ya ci gaba da aikinsa, ranar kuma ba mai sake jin bakinsa sai an kira azahar.