Shukar Rumasa'u

Uwaisu ɗan manomi ne, kuma ba ya barin kowa ya manta da haka. Karatun injiniya ya kawo shi Greensboro ta ƙasar Amurka a 1980, amma da zarar an taɓo maganar ƙasa sai ya gyara zama ya ce shi da fartanya aka yaye shi. Shi ya sa da suka kama hayar wani ɗan gida a gabashin gari, kusa da jami'a, matarsa Rumasa'u ta dubi filin ƙofar gidan, jar ƙasa duk ta daddare, ta ce tana so ya yi kore kamar na maƙwabta, bai tsaya tambayar kowa ba. Ya sayo buhun irin ciyawar da ake kira feskiyu, ya jira ruwan sama mai ƙarfi na watan Mayu, ya watsa, yadda ake shukar gero a ƙauyensu na wajen Malumfashi.

Ta kuwa fito shar. Ya yi sati uku yana kiran abokan karatu su zo su ga aikin ɗan gado. Yuli na kamawa zafi ya sauko, ciyawar ta ƙone ƙurmus, abokan kuma suka samu abin tsokana har ƙarshen zango.

Maƙwabciyarsu Misis Odessa, wata tsohuwa baƙar fata da ta yi ritaya daga masaƙa, ita ta kira Rumasa'u bakin shinge ta warware mata. Wannan ciyawa, in ji ta, ta ƙasar sanyi ce, zafin nan ya fi ƙarfinta. Ana shuka ta ne a ƙarshen Satumba, bayan zafi ya karye, don ta samu wata takwas tana kafa saiwa kafin wani zafin ya riske ta.

Uwaisu ya ce shi bai taɓa jin inda ake shuka da kaka ba, lokacin da masu hankali ke girbi.

"To, Sarkin Noma," in ji Rumasa'u, "mun ga naka. Wannan karon ka bar mini."

A lokacin tana da tsohon ciki. Ya hana, ta ƙi hanuwa. Ya dai yarda ya kakkarce mata ƙasar da manjagara, sauran ta ce kada ya sa mata hannu. Misis Odessa ta kawo mata ɗan keken da ake watsa iri da shi, ta yi godiya ta mayar. Ta zuba irin a kwanon sha, ta bi filin tana watsawa da hannu, ta rufe da karan alkama. Ta ce tana so in abin da ke cikinta ya fara rarrafe, ya samu wuri mai laushi.

Kwana shida bayan haka naƙuda ta tashi. Ta haifi 'ya mace. Jini ya ƙi tsayawa, washegari da azahar ta cika. A nan Greensboro aka binne ta, ɗaliban gida da wasu musulmin gari suka yi mata salla. Uwaisu ya karɓi gaisuwa yadda ake karɓa, yana cewa haƙuri sai ma'aiki, har mutane na yaba dauriyarsa.

Ran suna, da safe, ya buɗe ƙofa zai karɓi masu zuwa addu'a, ya ga kore ya keto ta cikin karan alkama. Ya zauna a kan matakala, ya yi kukan da bai yi ba a maƙabarta.

Feskiyu ba ta yaɗo. Inda aka jefa ta nan take tsayawa, ta yi kumburi a wurin. Saboda haka da ciyawar ta yi ƙarfi, sai ga hannun Rumasa'u a fili. Kusa da matakala, inda ta fara da ƙarfinta, shukar ta yi kauri, layi-layi a lanƙwashe yadda hannunta ya riƙa kaiwa da komowa. Wajen akwatin wasiƙa ta yi shara-shara, a nan ta fara gajiya. Gindin bishiya kuma akwai wani wuri fayau, faɗin tabarmar salla, inda ta zauna ta huta ta tashi ta manta ba ta watsa ba. Misis Odessa ta ce ya ƙara iri ya cike guraben. Ya ce a'a, a bar su haka.

Ya raɗa wa jaririyar suna Hadijatu. Da rana Misis Odessa ke riƙe ta, da yamma shi. Ya rubuta gida a turo Goggo, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta goya shi tun rasuwar mahaifiyarsa, amma takardun tafiya suka yi ta ja har wata tara. A tsawon wannan lokaci ya zama bawan fili mai taku goma sha biyu. Ya koyi yanka ta da tsayi, ba ƙasa-ƙasa ba. Ya koyi ba ta ruwa da asuba, ba da yamma ba, don kada danshi ya kwana ya sa mata ciwo. Tsoronsa ɗaya ne, Yuli da Agusta. In ta tsallake zafinta na farko ta tsira, in ba ta tsallake ba, to abin da Rumasa'u ta taɓa da hannunta na ƙarshe ya tafi.

Goggo ta sauka a tsakiyar Yuli, da ƙullin kuka da daddawa da man shanu wanda ko ta yaya ta wuce da shi a filin jirgi, Allah ne masani. Mace ce mai shekara sittin da 'yan kai, gajeriya, busasshiya, wadda zama ke sa wa ciwon baya. Kafin sati ta wanke labule, ta goge bangon kicin, ta ɗaure Hadijatu a baya har yarinyar ta daina neman kowa. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai.

"Uwaisu, wannan ciyawar fa?"

"Haka ake yi a nan, Goggo. Kowa da tasa."

"Kowa da tasa. Ga yarinya ta fara rarrafe. Ba macizai a ƙasar?"

"Ba su cika zuwa ba."

Ta bi shi da ido da asuba yana jan mesa yana shayar da ciyawa, abin da ko tunkiya ba shi da ita da za ta ci. Ya ji ta tana yi masa addu'a ƙasa-ƙasa.

Da ya faɗa mata gaskiya, da magana ta ƙare a nan. Sau biyu ya buɗe baki. Amma yaya mutum zai zauna gaban wadda ta goya shi ya ce yana renon ciyawa saboda matarsa? Tun zuwanta ko sunan Rumasa'u bai iya kamawa a gabanta ba. Kunya ce, da kuma tsoron kada ta ce ya kasa tawakkali. Ya bar maganar a kan haka ake yi a nan.

Agusta ta zo da zafi mai dafa mutum a cikin rigarsa, ba ruwan sama ko ɗigo. Ciyawar ta koma ruwan ƙasa, ta kwanta kamar ingirici. Hankalin Uwaisu ya tashi, ya kira Misis Odessa. Ta sunkuya da ƙyar, ta kama tsagi guda ta ja. Bai tuge ba.

"Ka gani? Saiwar na riƙe," ta ce masa da Turanci. "Barci take, ba mutuwa ta yi ba. Ka ba ta sati uku. Sanyin Satumba na taɓa ta za ta tashi."

Ranar ya ci tuwo malmala biyu, har Goggo ta yi mamaki.

A satin ƙarshe na Agusta malaminsa ya tafi da shi birnin Raleigh aikin kwana biyu. Misis Odessa ma ta tafi wurin 'yarta. Ya dawo ran Alhamis da la'asar, ya ajiye tsohuwar motarsa a bakin titi, ya fito, ya tsaya da makulli a hannu.

Filin ya zama tsakar gida. Jar ƙasa tas, daga matakala har akwatin wasiƙa, an share, an yayyafa ruwa, ga sawun tsintsiya a jere gwanin sha'awa. Ko tsinke babu. An shimfiɗa tabarma, Hadijatu na zaune a kai tana cin ƙafarta. Goggo na kan matakala, fartanyar mai gidan hayar mai doguwar ƙota na jingine a gefenta.

"Sannu da hanya," ta ce, fuskarta cike da fara'a. "Na ga ta bushe, kai kuma ba ka da lokaci. Wannan fartanyar tasu ba ta aiki, sai da na haɗa da hannu. Amma har saiwa na cire, ba za ta sake dame ka ba."

Ta buɗe masa tafukanta yadda yaro ke nuna allonsa. Duk sun yi bororo, biyu sun fashe. Kwana biyu ta yi a cikin wannan rana, da goyo a baya.

"Ina kika zuba ta, Goggo?"

"A buhunan nan baƙaƙe. Masu motar shara sun kwashe tun safe. Mutanen kirki, har hannu suka ɗaga mini."

Ya dubi wajen matakala, ya dubi gindin bishiya, ko'ina iri ɗaya. Zuciyarsa ta karye, karyewar da ya san ba mai ɗora ta. Ya ji kamar yau aka fito da Rumasa'u daga asibiti.

Daidai nan wata mota ta sauke Misis Odessa. Ta taho da jakarta, ta iso bakin shinge, ta tsaya. Ta ɗora hannu a ƙirji. Ta ce masa da Turanci:

"Ɗana, me ya faru? Shukar matarka ce. Tana da rai, na faɗa maka tana da rai. Wa ya yi wannan?"

Goggo ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya. Ta miƙe, ta gyara ɗaurin zaninta, ta yi wa maƙwabciyar murmushi, ta juyo gare shi.

"Me take cewa?"

Uwaisu ya dubi hannayen nan da suka yi masa wanka yana yaro. In ya faɗa, Goggo ba za ta sake barci mai daɗi ba har ta koma ga Allah, ya san ta. Ya ce wa Goggo:

"Cewa ta yi sannu da aiki. Ta ce gidan ya yi kyau."

Sannan ya ce wa Misis Odessa a hankali, da Turanci, "Ba ta sani ba. Don Allah ki yi mata murmushi."

Tsohuwar ta dube shi, ta dubi Goggo, ta yi murmushin, hawaye na bin kumatunta. Goggo ta ɗauka zafin rana ne, ta ce a kawo wa baiwar Allah ruwa. Ta sunkuya ta ɗauki Hadijatu, ta karkaɗe mata ƙasa a gwiwa, ta dubi aikinta da gamsuwa.

"Ai gida sai da mace," ta ce. "Allah ya jiƙan Rumasa'u. Da tana raye ba za ta bari ciyawa ta cinye maka ƙofar gida haka ba."

"Amin, Goggo," in ji Uwaisu. Ya ɗauki fartanyar ya kai bayan gida, ya daɗe bai fito ba.