Fedar da Ta Ɓata a Ɗakin Gwaji

Wata huɗu Bahago ya yi yana kaɗa jitar bes, mai kaurin sauti, ba feda, kuma a cikin watannin nan babu ranar da ya ji daɗin abin da ke fitowa daga lasifikarsa. Sautin yana nan da nauyinsa, amma ya cika ladabi, kamar baƙon da ya ɗosana a bakin kujera. Shi kuwa so yake idan ya ja wayar nan mafi kauri, mutumin da ke layin ƙarshe a ɗakin taro ya ji abin a haƙarƙarinsa.

Feda ɗan akwatin ƙarfe ne da bai wuce tafin hannu ba. A ƙasa ake ajiye ta, tsakanin jita da amfilifaya, na'urar ƙara sauti, in an taka ta sai sautin ya yi kaushi ya kama gurnani. Tasa ta ɓata ne a ɗakin da suke gwajin kiɗa, wani sito a bayan shagon kujeru da suka manne bangonsa da kwalayen ƙwai. Mutum uku ke da makullin wurin: shi kansa, da yayansa wanda shi ne mawaƙin ƙungiyar, da mai gangarsu da ake kira Shiru saboda ƙarancin maganarsa.

Ranar da abin ya faru Bahago bai tsaya dogon tunani ba. Shi dai bai ɗauka ba. Yaya kuwa uwa ɗaya uba ɗaya suke, shi ya fara ɗora masa jita a cinya, shi ya juya masa wayoyinta don ta dace da hannun hagu. Sai Bahago ya dubi Shiru a gaban kowa ya ce, "Ba a fasa ƙofa ba, ba a ɓalle taga ba. Ruwa dai ba ya tsami banza." Shiru ya dube shi, ya dubi Yaya, ya tattara sandunansa, ya ajiye makulli a kan ganga ya fita. Bai sake dawowa ba.

To, wata Asabar da hantsi, bayan Bahago ya gama haɗa wayar lantarki a wani gida, wadda ita ce sana'arsa ta yau da kullum, sai ya rataya jitarsa ya nufi shagon kayan kiɗa da wani ya kwatanta masa. Shagon yana hawa na biyu a wani tsohon bene, siriri kamar lungu, yana warin dalma da ƙura. Mai shagon dattijo ne, tabaraunsa ɗaure da zare, yana sunkuye a kan wata amfilifaya da ya farke cikinta.

"Feda nake nema, Baba, ta bes," in ji Bahago. "Mai cizo. Amma kada ta cinye mini gindin sauti."

Dattijon ya dube shi ta saman tabarau, ya dubi jitar, sannan ya jawo masa kujera da ƙafa.

Ta farko da ya fito da ita rawaya ce, sabuwa a kwalinta. Bahago ya taka, ya ja waya, ya girgiza kai. Cizon yana nan, amma nauyin ya gudu, jitar ta koma kamar ana kaɗa gwangwani.

"Wannan ai ta ƙaramar jita ce, Baba. Gwada ni kake yi?"

"Wasu ba sa bambancewa," in ji dattijon, ko a jikinsa.

Daga nan Bahago ya fara sa masa ido. Mutumin da zai miƙa maka abin da bai dace ba don ya ga ko za ka gane, ya kamata a riƙa duba hannunsa. Ta biyu baƙa ce, mai maɓallai shida. Ita kuma ta wuce gona da iri, duk wayar da ya taɓa sai ta fito da ƙugi iri ɗaya, kamar an rufe ƙudan zuma a tulu. Ya yi ta murɗe-murɗe, ya rage nan ya ƙara can, bai samu abin da yake so ba.

"Na gane," in ji dattijon. "Kana son wadda za ta bar asalin sautin a ƙasa, ta ɗora gurnanin a samansa, kai kake auna yawan kowanne. Akwai wata, amma ta hannu ce."

Ya jawo aljihun tebur ya fito da ita. An fesa mata sabon fenti shuɗi, an sa mata sababbin maɓallai. Bahago ya jona, ya taka, ya ja waya.

Ga nauyin, ga cizon, kowanne a wurinsa. Ya kama maɓallin tsakiya ya murɗa a hankali, kuma kafin ya kai rabi ya san abin da zai ji. Wata 'yar ƙara ce, ƙyas, kamar an taka busasshen ganye. Shekara shida yana cewa zai wanke wurin bai wanke ba. Ya ɗauki fedar ya kifa ta. A ƙasanta ga robar tayar keke da ya yanka da hannunsa ya manna don kada ta riƙa zamewa, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi.

"Baba, a ina ka samo wannan?"

"Kawo mini aka yi."

"Tawa ce. Sace ta aka yi."

Dattijon ya ajiye abin dalmarsa, ya miƙa hannu ya karɓe fedar, ya mayar da ita kusa da gwiwar hannunsa.

"Samari, shekarata talatin a wannan sana'a. Kai ne na huɗu da ya shigo nan ya ga abu ya yi masa kyau, sai ya tuna cewa nasa ne."

"To me ya sa ka sauya mata fenti?"

"Duk abin da ya shigo nan a koɗe ina yi masa fenti. Dubi bayanka."

Bahago ya waiga. Gaskiya ne, rabin kayan da ke kan kanta shuɗin nan ne. Amma hakan bai kwantar masa da rai ba, don mai sayen kayan sata ma haka zai yi. Suka zauna kowa yana auna ɗan'uwansa. Can sai Bahago ya ce, "Buɗe murfin batir. Jar wayar ta taɓa tsinkewa, na ɗaure ta da farin salatif, irin namu na masu lantarki."

Dattijon ya ɗauki sukundireba ya buɗe, ya daɗe yana kallon ciki. Da ya ɗago, muryarsa ta sauya.

"Ni ba na sayen kayan sata. Wanda ya kawo ta ya ce ta gidansu ce."

"Wani dogo ne, baƙi, ba ya son magana? Yana da tabo a haɓa?"

"A'a."

"Ko dai aiko wani ya yi."

"Ban san wanda kake nufi ba. Wannan dai ba sayarwa ya yi ba, musaya muka yi. Ya bar feda, ya ɗauki makirfo, irin mai kama murya ko da ana raɗa. Mai jan zobe a wuya."

Bahago ya san makirfon nan. Mako guda bayan ɓatan fedar, Yaya ya zo gwaji da sabon makirfo mai jan zobe, ya ce wani abokinsa ne ya ba shi kyauta. Har Bahago ya karɓa ya jinjina nauyinsa ya yaba.

Duk da haka zuciyarsa ta ci gaba da nema wa Yaya mafita. Wataƙila Shiru ne ya yi musayar ta hannun wani, makirfon ya zaga ya faɗa hannun Yaya. Wataƙila dattijon nan ya san ƙungiyarsu, yana so ya haɗa su faɗa don ya tsira da kayan.

"Wane irin kamanni gare shi?" in ji Bahago.

"Kamar kai, sai dai ya fi ka jiki, da furfura a nan. Yana yawan gyaran murya. Yana tsotsar alewar maƙogwaro ɗaya bayan ɗaya, har ya bar mini takardunta a kan tebur." Dattijon ya dubi fuskarsa. "Ka san shi ke nan."

Bahago ya ciro kuɗi. Ya sayi fedar ba tare da ya yi ciniki ba, ya sa ta a aljihun jakar jita. Yana sauka daga benen, sai dattijon ya leƙo ya ce, "Ka fesa wa maɓallin tsakiyar nan mai, ƙarar za ta daina."

Yaya gilashi yake yankawa a wani shagon firam ɗin hotuna, tafiyar minti ashirin daga nan. Bahago ya taka da ƙafa, kuma a hanya ya riƙa tono abubuwan da ya binne. Sau nawa Yaya ya ce masa ya rage ƙarfi, shi kuma ya yi dariya ya ce kiɗan zamani ke nan? Ranar da ya zargi Shiru, me ya sa Yaya bai ce uffan ba, sai faman naɗe wayar makirfo yake yi, ya warware, ya sake naɗewa? Da ya ce zai sayi wata fedar, wa ya riƙa cewa a bari tukuna, a bari tukuna?

Ya same shi sunkuye a kan faffaɗan tebur, yana jan abin yanka a jikin ma'auni. Bahago ya jira har gilashin ya rabu biyu, sannan ya ajiye fedar a kan tebur, a kife, robar tana sama.

Yaya ya dube ta. Ya cire safar hannunsa ɗaya, ya gyara murya.

"Wurin tsohon nan mai tabarau ka je."

"Ashe ka san wurin."

"Zo mu fita waje."

Suka tsaya a bayan shagon, kusa da tulin fasassun gilasai. Yaya ya jingina da bango.

"Muryata tana tafiya," ya ce. "Tun bara. Likita ya duba ya ce wani abu ne ya fito a maƙogwaro, in na ci gaba da ɗaga murya zan rasa ta gaba ɗaya. Kai kuma in ka taka abin nan, sai na yi ihu kafin in ji kaina. Na ce ka rage, na sake cewa, ka mayar da ni abin wasa."

"Ka ce mini in rage. Ba ka ce mini ba ka da lafiya ba."

"In faɗa wa ƙanena cewa na ƙare?"

"Sai ka bari aka kira bawan Allah ɓarawo."

Yaya ya ɗago ido. "Ni ban kira shi ɓarawo ba."

Maganar ta soki Bahago, don gaskiya ce.

"Amma na yi shiru," in ji Yaya, muryarsa tana karcewa. "Na ce gobe zan gyara, gobe ta zama wata huɗu. Ban da abin da zan kare kaina da shi."

Bahago ya so ya yi faɗa, ya zo da faɗan a bakinsa tun daga bene. Amma yanzu da yake saurare da kyau, ya ji yadda kowace kalma ke fita daga wuyan yayansa da ƙyar, ya kuma rasa yadda aka yi shi mai taƙama da kunne bai taɓa lura ba. Ya koma ciki ya ɗauki fedarsa.

"Zan je wurin Shiru. Za ka zo?"

"Ka fara zuwa. Ni nawa zuwan daban ne."

Shiru guga yake yi a wani gidan wanki, a ɗaki mai zafi da tururi, riguna rataye layi-layi a saman kansa. Da ya ga Bahago, bai ajiye dutsen guga ba. Bahago ya tsaya a gaban teburin ya faɗi komai, bai rage ba, ya ƙare da cewa, "Na zalunce ka. Ka yafe mini."

Shiru ya juya hannun rigar da yake gogewa.

"Na sani," ya ce. "Na gan shi lokacin da ya sa ta a jaka."

"Ka gani? To me ya hana ka faɗa?"

"Da ka yarda?"

Bahago ya sunkuyar da kai.

"Kuma ko ka yarda, ni ne na shiga tsakanin wa da ƙani. Gara a ce ni na ɗauki ƙarfen."

"Ka dawo," in ji Bahago. "Wanda muka samu a madadinka gudu yake da kiɗa kamar ana bin sa."

Shiru ya ɗan murmusa, karo na farko. "Ina kaɗa wa wasu yanzu. Sun riƙe ni da mutunci, ba zan bar su ba. Yafiya kuwa na yafe. Yayanka ya zo da ƙafarsa, shi ma zan ji ta bakinsa."

Haka kuwa aka yi. Yaya ya je bayan kwana uku, kuma abin da suka tattauna bai fita daga ɗakin gugar ba. Shiru bai koma ƙungiyar ba. An yi wa Yaya aiki a maƙogwaro, ya yi wata biyu yana magana da takarda da biro, da ya dawo kuma sai ya riƙa rera rabin waƙoƙin, wata matashiya da suka ɗauka tana rera sauran. Bahago ya koyi ɗage ƙafarsa idan Yaya ya matso kusa da makirfo. Tsakaninsu ya gyaru, ko da yake an daɗe kafin Bahago ya daina tafiya gida da jakar kayansa bayan kowane gwaji.

Amma a ranar, a ɗakin gugar, bai san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Yana tsaye ne kawai, gumi yana bin bayansa, ya rasa yadda zai yi sallama. Shiru ya jawo wani babban zanen gado daga kwando, ya miƙa masa gefe biyu.

"Tunda ka zo, kama mini nan. Ja sosai, kada ya taɓa ƙasa."