Jajayen Layuka Tara

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don karatuna bai wuce firamare ba. Amma ni kaɗai ce tare da shi a ɗakin ranar.

"Ƙanwata, duba min, nawa ya nuna?"

Maƙwabcinmu ne, ƙofarsa na kallon tamu. Injiniya muke ce masa. Ciwon suga ya cinye masa ido, shi ya sa kullum da hantsi Mama ke tura ni in karanta masa abin da ke fuskar kwamfutarsa. Manhajar wani asibiti yake rubutawa, mai tura wa masu ciki saƙon ranar awo. In ya saki gwaje-gwajensa, layin rubutun manhajar da gwaji ya bi ta kansa sai ya zama kore, wanda bai taɓa ba ya zama ja.

"Koren casa'in da bakwai cikin ɗari, Yaya."

"Jajayen fa?"

"Tara."

Ogansa ya kira a waya, muryar na cika ɗakin. "Casa'in da bakwai? Ai ko a makaranta ka zo na ɗaya! Turo mana haka, ka kwanta ka huta."

"Oga, ba a share ƙarƙashin gado ba."

"To kunama ka ajiye a ciki?"

Sai da ya kife wayar ya ce min, "Layukan nan tara su ke tsayar da saƙo in mace ta rasu. Ba mai gwada su. Wa ke son rubuta mutuwa, ko da wasa?" Matarsa da cikin wata bakwai ta rasu. Wata biyu wayarta na tuna mata ranar awo, shi yana karantawa.

Ranar Laraba hannunsa ya ƙi tashi. Ya ce in zauna a kujerarsa, yana faɗa min gwajin jajayen layukan harafi-harafi, ina dannawa da yatsa ɗaya.

"Kin fi hawainiya sauri dai," ya ce, yana haki. "Ba ni ruwa mu ƙarasa."

Da na dawo da kofin, kansa na jingine da bango, bakinsa a ɗan buɗe. Na kira shi sau uku kafin in kira Mama.

Washegarin jana'izarsa na kwafe lambobin jajayen layukan tara a bayan takardar maganinsa. Na hau mota zuwa ofishinsu, na zauna a kan bencin ƙofar Oga, takardar a dunƙule a hannuna, ina jira a buɗe in roƙi a ƙarasa gwada su.