Tankin Alayyafo

Duk unguwar ba mai kiran tsohon da sunansa na yanka. Mai Tanki ake ce masa, domin tun yana saurayi waldar tankin ruwa ce sana'arsa, har idanunsa suka gaji da tartsatsin wuta ya bar shago ya dawo gida ya zauna. In kana son ganin fara'arsa, tambaye shi ko tankinsa ya taɓa yoyo. Zai gyara zama, ya ɗaga yatsa sama, ya ce maka ko ɗigo. Gaskiya kuwa yake faɗa, sai dai yawan faɗar ya sa wasu in sun hango shi a ƙofar gida sukan canza hanya.

Matarsa, wadda yaro da babba ke kira Inna, ba ruwanta da tanki. Ita lambu ta sa a gaba. Bayan ɗakin girki akwai ɗan fili, nan take shuka alayyafo da albasa da tumatir da barkono, ta wuni a tsugune tana yi wa shukar surutu kamar jikokinta. Rannan ta gama cire ciyawa ta zo tashi, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Sai da Mai Tanki ya jiyo kiranta ya zo ya ɗaga ta, su biyun suna nishi.

'Yarsu nas ce, kuma irin nas ɗin nan da marasa lafiya ke gyara kwanciya in sun ji takunta. Ta zo ta duba gwiwar, ta ɗaure ta, ta yanke hukunci a tsaye.

"Inna, tsuguno ya ƙare. Filin nan kuma siminti zan sa a malala masa, kowa ya huta. Na yi wa magini magana, damina na ɗaukewa zai zo."

Inna ba ta yi musu ba, kuma abin da ya tayar wa Mai Tanki hankali ke nan. Matar da ko ƙuda ya sauka a inda bai dace ba sai ta yi masa faɗa, ita ce ta koma zama a kujera bakin ɗakin girki tana kallon ciyawa na cinye mata albasa, ba uhm ba uhm-uhm. Ya bar takalmansa a kan tabarma da gangan, ba ta tanka ba. Ya goge hannun man inji da tawul ɗin baƙi, ta kalla ta kau da kai. Tsoro ya kama shi sosai. Ya san in aka malale filin nan, Innar da ya sani ba za ta dawo ba, zai zauna ne da wata tsohuwa mai shiru.

Saboda haka ya tara su wata yamma a tsakar gida, da 'yar da mijinta, wanda kafinta ne, ya ce tunda Inna ba za ta iya sauka wurin ƙasa ba, to ƙasar ce za ta hau wurin Inna.

Nas ta ce, "In za ta yi a tsaye, kuma shukar ta yi kyau kafin damina ta wuce, na fasa. In ba ta yi ba, Baba, siminti. Kada ma a zo ana ba ni haƙuri."

Daga nan gardama ta ɓarke a kan abin da za a zuba ƙasar a ciki. Nas ta ce buhu, ga arha ga sauƙi. Inna, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce buhu rana ɗaya ke dukansa ya fara zubar da hanjinsa, kuma shi ma ai a ƙasa yake zama. Maƙwabcinsu mai faci, wanda kunnensa kullum ke kan katanga, ya leƙo ya ce yana da tsofaffin tayoyi jibge, kyauta, a ɗora biyu-biyu. Nas ta ce ba za a tara wa uwarta gidan sauro da kunama ba. Aka zo kan bulo, aka ga in an gina shi ya zauna ke nan har abada, ga shi kaurinsa kaɗai zai cinye rabin filin.

Surukin ya yi gyaran murya cikin ladabi. "Baba, ni da katako aka yi. Ba ya ɗaukar zafi, saiwa tana jin daɗinsa, kuma in an so matsar da shi..."

"Gara ma tana jin daɗinsa," in ji Mai Tanki. "Damina biyu, ka zo ka kwashe garinsa da tsintsiya. Ƙarfe za a yi."

"Ƙarfe kuwa, Baba, ga tsatsa ga zafin rana."

"Tsatsa tana cin ƙarfen rago ne da bai san fenti ba. Zafi kuma, farin fenti a waje, a jingina shi inda inuwar katanga ke sauka da azahar. Yaro, kafin a haife ka nake ajiye ruwa a cikin ƙarfe yana kwana da sanyinsa."

Kafinta ya ja bakinsa ya yi shiru. Mutum ne mai kunya, kuma 'yar mutane yake aure.

Washegari Mai Tanki ya jawo tsohon injin waldarsa daga ɗakin ajiya, ya kakkaɓe ƙura, ya sa aka kawo masa farantan ƙarfe irin na tanki da bututu mai kauri na ƙafafu. Ya sa Inna ta tsaya ya auna daga ƙasa zuwa ƙugunta. Ta ce, "Da tsufana za ka auna ni, sai ka ce tela." Wannan ce tsiwar farko da ta yi masa tun ranar gwiwa.

Aiki kuwa ya yi shi na ƙin ƙarawa. Dogon akwati mai zurfi, a kan ƙafafu shida, tsayinsa daidai cibiyar Inna, faɗinsa daidai inda hannunta zai kai ba tare da ta miƙe ba. Ya lanƙwasa bakin ciki don kada ya yanke ta. Ya goge kowane ɗinki har sai da ya yi sumul. Da ya gama, hannunsa ya yi abin da ya saba yi duk rayuwarsa ba tare da ya shawarci kansa ba: ya jawo tiyo ya cika akwatin da ruwa fal, ya ɗauko kujera ya zauna yana gadi, lokaci-lokaci ya shafa ƙasan da tafin hannu ya duba. Bushe ƙarau.

A haka surukin ya same shi. Ya zagaya akwatin, ya leƙa ƙasansa, ya sosa ƙeya.

"Baba, to shi ruwan, ta ina zai..."

"Ta ko'ina ba zai ba," in ji Mai Tanki, yana murmushi har kunne. "Shafa ka ji."

Kafinta ya shafa, ya ce lallai aiki ya yi kyau. Inna tana tsaye bakin ƙofa, ta dubi akwatin, ta dubi fuskar mijinta, ta koma ciki.

Aka kwashe ruwan da bokiti, aka zuba ƙasa da taki da ɗan yashi. Inna ta yi shuka a tsaye, bayanta a miƙe, tana waƙa ƙasa-ƙasa. Kafin ka ce me, alayyafo ya tsiro kore shar, albasa ta miƙe, tumatir ya fara neman sanda. Faɗa ma ya dawo gidan. Ta kama Mai Tanki da tawul ɗin baƙi ta wanke shi tas, shi kuwa yana tsaye yana jin daɗi kamar ana yi masa kirari.

Sai ruwan sama ya kankama.

Ganyen alayyafo ya fara rawaya daga ƙasa. Tumatir ya langaɓe. In ka matso kusa, wani wari ke tashi irin na kwata. Mai Tanki ya ce irin ne ba shi da kyau. Da aka ce irin Inna ne na kullum, ya ce to mai takin ne ya cuce su. Da ya ga tumatir ya ƙara langaɓewa, ya yanke cewa ƙishi ne, ya ɗauko bokiti ya ƙara masa ruwa. Wayyo, mutumin kirki, da hannunsa. Nas ta zo ta tsaya a kan akwatin ta toshe hanci, ta ce magini ya gaishe su. Mijinta kuwa sama yake kallo, yana rungume da jakar kayan aikinsa.

Kullum da safe Mai Tanki yakan fita sayen burodi, ya tsaya hira wurin mai shago har rana ta ɗaga. Ran nan ya tarar shagon a rufe, ya juyo gida da wuri. Bai yi sallama da ƙarfi ba. Yana zagayowa bayan ɗakin girki ya tsaya cak.

Inna ce a kife a kan akwatin. Ta haƙa rami a kusurwa har ƙasan ƙarfen, hannunta ya nutse a ciki har kafaɗa, tana ɗebo baƙin ruwa da kofin roba tana juyewa a bokiti. Bokitin ya cika, ta sunkuya ta ɗauka, ta ja ƙafa zuwa magudana tana cije leɓe. Da ta ɗaga zane don kada ya jiƙe, ya ga gwiwar. Ta kumbura fiye da ranar da ta kasa tashi.

"Me kike yi haka?"

Ta firgita, ta ɓoye kofin a bayanta kamar yarinyar da aka kama da sukari. Sannan ta ga ba amfani, ta ajiye shi.

"Ruwa nake rage masa, Malam. Saiwar tana ruɓewa. Shuka tana shan ruwa, amma ba ta kwana a cikinsa."

"Tun yaushe?"

"Tun ruwan farko. In ka fita burodi in kwashe, in mayar da ƙasa in rufe ramin kafin ka dawo."

Ya dubi akwatin. Ya dubi ɗinkin nan sumul da ya wuni yana gogewa. Abin ya faɗo masa gaba ɗaya, har ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Tanki ya yi mata. Ya sa wa matarsa lambu a cikin tanki, ya kuma bi shi da bokiti.

"Kin sani tun ranar da na cika shi."

"Na sani."

"Shi ne ba ki faɗa ba? Ke da ba ki raga mini ko a kan tawul?"

"Tawul daban," in ji Inna. Ta goge hannunta da gefen zane. "Na ga fuskarka ran nan. Rabon da in gan ta haka tun kana zuwa shago. Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa yana toshe rami, ya tashi da tsufansa ya yi mini abu da hannunsa, sai in buɗe baki in ce ya huda? Na ce bari in lallaɓa har damina ta wuce."

Kunya ta kama Mai Tanki, tausayi ya kama shi, ga kuma wani daɗi da bai san inda zai ajiye shi ba. Ya ɗauko kujera ya zaunar da ita, ya ɗora mata ƙafar a kan bokitin da ya kife, ya ciro waya ya kira surukinsa.

"Kana da injin huda, irin mai batir, da bakin da ke cin ƙarfe?"

Surukin ya ce, "Yana cikin jakata, Baba. Kullum da shi nake zuwa gidan."

Tare suka iso da matarsa. Nas tana ganin gwiwar ta fara sababi, ta ce yau ɗin nan magini zai zo, ba sai damina ta ɗauke ba. Mai Tanki ya karɓi injin, ya shimfiɗa kwali a ƙasa, ya cire hula ya ba surukin ya riƙe.

"Laifin ba na uwarki ba ne, ba na shuka ba ne, nawa ne," ya ce. "Ki ba ni ɗan lokaci."

"Baba, bari ni in shiga," in ji kafinta.

"Wanda ya toshe shi zai buɗe."

Ya kwanta rigingine, ya ja jiki ƙarƙashin akwatin da ƙyar, ƙasusuwa na ƙara. Ya ɗora bakin injin a kan farantin, ya daɗe a haka bai danna ba. Sannan ya rufe ido ya danna. Ƙarfen ya yi kuka, ya yi kuka, sai ga baƙin ruwa mai wari tsiii, daidai goshinsa, ya bi gemu ya shige wuyan riga.

Kan mai faci ya bayyana a saman katanga. "Jama'a, ku zo ku gani. Tankin Mai Tanki yana yoyo."

Nas ta yi iya ƙoƙarinta ta riƙe fuska, abin ya gagara. Ta zauna a bakin magudana tana dariya har da hawaye, tana cewa wayyo cikina, wayar da ta ciro don kiran magini tana kan cinyarta ta manta da ita. Da ta samu numfashi ta ce a ƙara musu zuwa shuka ta gaba, amma in ta sake ganin Inna da bokiti, ita da su ne.

Mai Tanki bai ji rabin abin da ake faɗa ba. Yana ta huda, ruwa na zuba ta nan da can, ya jiƙe jagab. Can ya tsaya, ya tofar da abin da ya shiga bakinsa.

"Ya isa?"

Inna ta tashi daga kujera ta dafa bakin akwatin. A tsaye, bayanta a miƙe, ta tura hannu cikin ƙasa tana lalubawa, tana jin inda ruwa ke janyewa da inda ya ƙi. A wajen albasa har yanzu caɓi ne. Ta zurfafa hannu har ta taɓa ƙarfen, ta ƙwanƙwasa da zobenta.

"Nan, Malam."

Ya bi sautin da kunne, ya ja jiki ya matsa, ya ɗora injin daidai ƙarƙashin hannunta. Ya jira har ya ji ta janye, sannan ya huda.