Lagwanin Gwaggo Baraka

Ana tsakiyar rabon waina kofin ya fashe.

Zaituna ce ta kunna shi bayan azahar a ɗakin mahaifiyarsu a Rano, don matan da suka zo bikin ƙanwarta Afra'u su ji ƙamshi su tambayi wa ya yi, ita kuma ta sunkuyar da kai ta ce ai ɗan abin hannu ne. Kyandir ne mai ƙamshi, irin wanda ake narka kaki a zuba a kofi, a kafa masa lagwani a tsakiya. Sana'arta ke nan tun bara, kuma in ka bar ta sai ta yi maka bayanin kaki har shayinka ya huce. Ta ɗora shi a kan taga ta shiga hidima, ta manta da shi.

Sai ta ji ƙas! Ta juya ta ga gilashin ya rabe biyu, narkakken kaki yana bin bango, wuta na bin kakin. Ta fizgi murfin tukunya ta kife a kai, kakin ya zubo mata a bayan hannu. Wata tsohuwa ta yi salati, wata ta ce kowa ya matsa, aka yi 'yar dariya aka koma kan waina.

Zaituna ba ta yi dariya ba. Wannan kofin shi ne rarar da ta rage. Sauran 'yan uwansa, dozin guda cif, sun tafi Kibiya tun da safe tare da 'yan jere, su ne gudummawarta ga ɗakin amarya.

Ta tsuguna ta ɗauki lagwanin da ya rage, ta murza shi a yatsa, nan take ta gane abin da ta yi. Kakin da ta saba aiki da shi na zuma ne, wanda take saye a wurin masu ɗebo zuma a Rurum. Kakin zuma taurin kai ne da shi. Siririn lagwanin da take sayowa daga Kano ba ya iya masa, sai ya haƙa ɗan rami a tsakiya ya nutse ya mutu. Ranar da ta yi wannan ƙorafi ne Gwaggo Baraka, yayar marigayi mahaifinsu, ta shiga ɗaki ta fito da mazarin da ta ajiye tun Zaituna na goye. Ta kaɗa auduga ta yi abawa, ta tufke ta uku-uku, kauri kamar igiyar takalmi. Aka gwada a gwangwani da kakin zuma, ya ci lafiya lau. Daga ranar Gwaggo ta sami abin faɗa a kowane gidan suna.

To amma da biki ya matso, sai Zaituna ta ga kakin zuma rawaya ne, ɗakin Afra'u kuwa fari aka tsara shi. Ta aika aka sayo mata farin kaki mai laushi, ta tuttula masa man turare ba ƙaƙƙautawa, ta zuba a siraran kofunan shayi masu bakin ruwan zinare. Lagwanin dai na Gwaggo ne, ba ta canza ba, ba ta kuma gwada ba. Kakin ya narke sharaf, abawa ta yi ta zuƙa, wuta ta miƙe har ta fi ƙarfin gilashin.

Abin da ya tsinka mata zuciya shi ne maganar da Gwaggo ta yi da safe, tana hawa mota.

"Da mun gama jere da la'asar zan kunna su duka, mu ja ƙofa mu datse. Kafin a kawo yarinya ɗaki ya kama."

Haka ake yi wa ɗakin amarya da turaren wuta: a zuba a kasko, a rufe ƙofa da taga, a bar hayaƙi ya shiga labule da katifa. Garwashi ya cinye ya mutu da kansa. Gwaggo ta ɗauka kyandir ma kasko ne, Zaituna kuma ta ji ta da kunnenta, ta yi murmushi ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Ta kira wayar Gwaggo, a kashe. Ta kira ta wata ƙanwar mahaifiyarsu da ke cikin 'yan jeren, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, mai yiwuwa tana ƙasan jaka ana guɗa a kanta. Ango Ja'afaru ya ɗauka, amma yana nan cikin Rano da abokansa wurin walima, bai ma ji abin da take cewa ba. A daidai nan ladan ya kira la'asar.

Ta tattara fasassun gilashin a bakin mayafinta ta ƙulle, ta fita ba ta gaya wa kowa ba. In ta faɗa, mahaifiyarsu za ta ji, ita kuwa kayan ɗakin nan ba a rana ɗaya ta tara su ba. Tun rasuwar mahaifinsu take ajiye su ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin gado, yau faranti, wata shekara bargo. Ba wanda zai sake tara mata wasu.

A bakin titi ta sami Ɗantala, ɗan acaɓar unguwarsu, yana goge madubi.

"Kibiya, Malam Ɗantala. Don Allah ka yi gudu."

"Hajiya, an yi ruwa jiya, hanya da santsi."

"Na sani. Ka yi gudun."

Ya dubi hannunta da ya tashi, ya buga babur.

Gonakin dawa suka yi ta wucewa hagu da dama, ita kuwa idonta na sama, tana neman hayaƙi. Duk wani baƙi-baƙi da ta hango sai ta ɗauka shi ne, su matsa ta ga hadari ne. Ta yi ta lissafin banza a ranta: na gida tun bayan azahar yake ci kafin ya fashe, to in sun jira sallah kafin su kunna, da sauran lokaci. In kuma sun gama jere da wuri fa? Gwaggo ba ta iya jiran abin da take ɗokinsa. Suka iske garken shanu ya tare hanya, makiyayin yana tafe a hankali kamar shi ya shimfiɗa titin. Zaituna ta ji kamar ta sauka ta ture su da hannu.

Tun daga zauren gidan ango a Kibiya ta ji ƙamshin. An riga an kunna.

Mata na zaune a tsakar gida kan tabarmi, 'yan jere da dangin ango, ana cin dambu. Gwaggo Baraka na tsakiya, ta fito da ƙullin abawarta daga jaka tana nuna wa Hajiya Saratu, gwaggon ango, yadda ake tufka. Ɗakin amarya na bayansu, an rufe taga, an datse ƙofa da sabon kwaɗo.

"A'a, ga mai kyandir da kanta!" in ji Hajiya Saratu. "Yanzu muke zancenki. Ni ma sai kin yi wa 'yata irinsu."

Zaituna ta durƙusa ta gaida su a gurguje, ta matsa kusa da Gwaggo ta yi ƙasa da murya.

"Gwaggo, ba ni mukulli."

"Na me?"

"Zan duba wani abu ne."

"Ba a buɗe ɗakin amarya bayan an turara, ke ma kin sani. Ƙamshin ya fice, a ce me muka yi? Zauna ki ci dambu."

"Gwaggo, don girman Allah."

Gwaggo ta dube ta sosai. Mukullin na ƙulle a haɓar zanenta, ta ɗora hannu a kai.

"Ke, me ya faru? Wani abu kika manta a ciki, ko kin zo ki ga ko mun iya jere?"

Aka yi dariya. Zaituna ta so ta ja ta gefe, ta so ta sami wata dabara da za ta fitar da tsohuwar nan daga kunya a gaban surukai. Amma ta ƙasan ƙofar ta hango haske yana rawa, ja, ba irin hasken kyandir mai hankali ba. Ta kwance bakin mayafinta ta zazzage gilashin a kan tabarma.

"Ɗan uwansu ne wannan. Ɗazu ya fashe a gida. Lagwanin ya yi wa kakin kauri, Gwaggo, wutar ta yi yawa. Duk za su fashe."

Hajiya Saratu ta dubi ƙullin abawar da ke hannunta, ta ajiye shi a hankali.

"Zarena?" in ji Gwaggo. "Zaren nawa ne zai ƙona ɗakin Afra'u?"

"Ni na haɗa shi da kakin da ba nasa ba. Mukulli, Gwaggo!"

Daga cikin ɗakin aka ji ƙas.

Yatsun Gwaggo suka kasa kwance ƙullin, sai Zaituna ta sa haƙori. Kwaɗon sabo ne, ya yi gardama, sannan ya buɗe. Zafi da ƙamshi suka buge ta a fuska. An jera kofunan a saman kantar kwanuka da gefen madubi da bakin taga, kowanne da harshen wuta tsawon yatsa, bakinsu ya yi baƙi. Na bakin taga ne ya fashe, kakin ya malalo, wuta ta kama gindin farin labule tana hawa.

"Ruwa! A kawo ruwa!" wata ta yi ihu.

"Kar ku zuba ruwa, fallatsa zai yi!"

Ta finciko labulen ƙasa ta naɗe shi ta danne da gwiwa, tana bugu da tafin hannu har ya daina hayaƙi. Ta zari farantan jere daga cikin kantar ta riƙa kifewa a kan kofunan ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya ya tsage a ƙarƙashin farantin. Na ƙarshe yana dab da katifa, da ta rufe shi sai ta zauna a ƙasa daɓas, ta fashe da kuka.

Katifa na nan, gado na nan, bargon mahaifiyarsu na nan a ninke. Bango ya yi baƙi wuri ɗaya, gindin labule ya cinye kamar faɗin tafin hannu biyu.

Mata suka cika ƙofa ana ta salati da hamdala. Zaituna ta ji wata a baya tana cewa ita dai daga yau kaskonta ya ishe ta, ta ji Hajiya Saratu ta ce ƙwarai kuwa. Ta san wannan magana za ta riga ta isa Rano, ta san ba mai sake tambayarta wa ya yi. Abin ya yi mata ciwo, amma ba kamar fuskar Gwaggo ba. Tsohuwar na tsaye a bakin ƙofa, ta ƙara tsufa a cikin 'yan mintocin nan. Ta juya ta fita. Zaituna ta tabbata shi ke nan, ita da hannunta ta mayar da mazarin Gwaggo ƙasan akwati, wataƙila har da zumuncin.

Can sai ga Gwaggo ta dawo da almakashi da babbar allura, da ƙullin abawar da aka ajiye mata a tabarma. Ta ce wa matan su ba ta wuri, yarinya na hanya, a wanke bangon nan. Ta zauna a ƙasa ta ja labulen kan cinyarta, ta datse wurin da ya ƙone. Ta warware tufkar, ta zare sili ɗaya, ta lasa bakinsa, ta yi ta neman kafar allura ba ta samu ba.

Ba ta ɗago ba ta miƙa wa Zaituna allurar da zaren.

"Zura min," ta ce. "Sannan ki riƙe min bakin nan, kar ya karkace."